Kunya Huɗu

Shafi na 17

Taƙaitaccen bayani, domin waɗanda suka shigo a makare suna maimaita tambayoyin da an riga an amsa:

Al'amarin ya shafi gidan Malam Jibo, manomin dawa da masara a Tsiga, cikin ƙaramar hukumar Bakori. Shekara biyu da suka wuce 'yarsa Raudatu ta zauna jarrabawar Jamb, ta nemi kwas ɗin aikin gona, domin shi ranta yake so. Da yake ba ta da waya a lokacin, an yi mata rajista da wani layi na yayanta Zainulabidin, wato Zainu. Shi wannan yaya ya karanta lissafin kuɗi a jami'a, gari ya laƙaba masa suna Akanta, ko da yake abin da yake aunawa a yau shi ne takin zamani, da tiya, a shagon wani mutum a Bakori. Saƙo ya shigo layin cewa jami'a ta ɗauki Raudatu. Akanta ya duba, ya yi nazari, ya yanke hukuncin cewa aikin gona ba karatu ba ne, aikin jinya shi ne mai albashi a gaba. Ya shiga wani kafe a Funtua, ya buɗe shafinta, ya danna wurin ƙin karɓa, da nufin ya juya ta zuwa makarantar nas-nas. Makinta bai kai na can ba. Aka rasa duka biyun. Ya dawo gida ya shaida wa mahaifinsa cewa ba a ɗauke ta ba, ya zare layin ya ɓoye. Raudatu ta gaskata cewa faɗuwa ta yi, bara ta ƙi sake zama. Bana kuwa gobe Alhamis ake rufe rajista.

Babu wanda ya san wannan sai Akanta da Ubangijinsa, sai ku. A ci gaba.

*

Ranar Laraba bayan la'asar Zainu ya jingine mashin a zaure, ya tsaya yana goge ƙafa fiye da yadda ƙafar take buƙata. Tun daga Bakori yake shirya jawabi. Jawabin yana da gabatarwa, yana da dalilai uku, yana da kammalawa. Abu ɗaya ne babu a cikinsa, kuma da gangan aka cire shi.

Malam Jibo yana kan buzu a gindin darbejiya, zangarniyoyin dawa a gabansa, yana ware na iri. Inna Hansai tana bakin murhu tana tankaɗe. Raudatu tana gefe da faifai a cinya, tana tsintar wake.

"Akanta ya iso," in ji Malam Jibo, bai ɗago ba. "Zauna. Ke Raudatu, matso. Na ce yau za a gama maganar nan, yau ɗin kuwa ta yi."

Zainu ya zauna a gefen tabarma, ya naɗe ƙafafu.

"Gobe ake rufewa, ko?"

"Gobe, Baba. Cibiyar Funtua tana tashi ƙarfe biyar na yamma."

"Madalla. Raudatu, sau ɗaya zan tambaye ki. Bara na tambaya kika ce a'a, na ce zafin faɗuwa ne, a bar ki ki huce. Shekara ta zagayo. In kin ce e, gobe yayanki ya ɗauke ki a mashin. In kin ce a'a, zan shafa fatiha, maganar boko ta ƙare a kanki, kada wani ya sake tayar mini da ita. Za ki zauna?"

"A'a, Baba."

Ko tsintar waken ba ta dakatar ba.

Zainu ya gyara murya.

"Baba, a ba ni izini in ce wani abu."

"An ba ka."

"Raudatu, ki natsu ki saurare ni. Dalili na farko, aikin jinya ba ya kwantai. Kowane gari akwai asibiti, kowane asibiti yana neman nas. Ko gwamnati ba ta ɗauka ba, kemis kaɗai ya ishi mutum. Dalili na biyu..."

"Yaya."

"Bari in ƙarasa."

"Yaya, wanda ya ci jarrabawa shi ake zaɓar wa kwas."

"Ai shi ya sa za ki sake."

Ta ɗago ta dube shi, ba da faɗa ba. Da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Aikin gona fa na nema. Wanda kai da bakinka ka ce ko mutum barci ya yi a ɗakin jarrabawa za a tashe shi a ba shi. Shi ne bai ɗauke ni ba. To in wannan ya ƙi ni, aikin jinya ne zai yi mini marhaba?"

Ya kamata a rubuta, domin adalci, cewa ya faɗi wannan magana. Ya faɗe ta ne a wancan lokaci don ya karya wa kwas ɗin daraja. Bai taɓa zaton yarinyar za ta ɗauke ta ta auna kanta da ita ba.

"Wani lokaci ana samun cunkoso," ya ce.

"Mansura 'yar gidan Liman na fi ta maki goma sha biyu. Tana aji biyu yanzu."

"Kowa da rabonsa."

"Ai na yarda. Na yi ta tunani har kaina ya gaji. Na ce ko takarduna ne da matsala. Na ce ko sun duba sun ga wani abu a kaina da ni ban gani ba. Daga baya na tsaya inda ka tsayar da ni. Allah bai nufa ba. Ba haka ka ce ba?"

"Haka ne," in ji Inna Hansai daga bakin murhu. "Haka ya ce. Allah Ya sa shi ne mafi alheri."

Zainu ya laluba cikin kansa yana neman dalili na biyu, ya tarar ya gudu, ya tafi da na uku.

"Ko bita ce, zan taya ki," ya ce. "Ki ɗauko litattafanki yau..."

"Na ba Adama mai ƙosai."

"Kin yi me?"

"Tun bara. Goma sha ɗaya ne, da rubutuna. Ta ce takardar tana shan mai da kyau. Kai ma ka ci ƙosai a cikin darasin ƙasa mai yashi, Yaya, ba ka lura ba ne."

Ta yi ɗan murmushi don kada a ce ta yi rashin kunya.

Malam Jibo ya ajiye zangarniyar da ke hannunsa.

"To, an ji kowa. Akanta, ka yi iya ƙoƙarinka, Allah Ya saka maka. Ba kowane wa ne zai damu da karatun ƙanwarsa haka ba. Yarinya ta ce a'a, ba za a ɗaura mata igiya a ja ta ba."

Ya karkaɗe tafukansa. Inna Hansai ta ajiye rariya ta gyara mayafi. Raudatu ta sauke faifai.

A nan Zainu ya ga lamarin a fili, kamar an rubuta masa a allo. Fatiha aya bakwai ce. In ya yi shiru na tsawon aya bakwai, shi ke nan, fayil ya rufu. Babu mai sake buɗe shafin, babu mai sake tambayar layi. Zai ci gaba da zama Akanta, wan da ya damu da karatun ƙanwarsa, har a riƙa ba da misali da shi. Ita kuma za ta tsufa tana ganin kanta a matsayin wadda ko aikin gona ya ƙi.

Malam Jibo ya ɗaga hannu.

"Baba, a dakata."

Hannuwan suka tsaya a tsakiyar hanya.

"Wani dalilin ne kuma?"

"A'a. Akwai... an samu wani ɗan kuskure."

"A ina?"

"A wajen maganar ɗauka."

"Masu jarrabawa ne suka yi?"

Ga ƙofa a buɗe, mai faɗi, da mashin ma za a iya fita ta cikinta. Zainu ya dube ta.

"A'a."

"Jami'a?"

"A'a, Baba."

"To wane irin kuskure ne da ba shi da uba?"

"An ɗauke ta."

Babu wanda ya motsa. Wata kaza ta zo ta sa baki a faifan wake, ba a kore ta ba.

"Ban ji ba," in ji Malam Jibo.

"An ɗauke ta, Baba. Tun karon farko. Saƙo ya shigo."

"Sai aka yi yaya?"

"Akwai wuri biyu a shafin. Ɗaya na karɓa, ɗaya na ƙi. To, bisa la'akari da halin da ake ciki na rashin aikin yi, sai aka danna na ƙi."

"Aka danna."

"E."

"Kwamfutar ce ta danna kanta?"

"A'a."

"Mai kafe?"

"A'a. Shi har sau biyu ya tambaya. Ya ce in an danna ba a komowa."

Malam Jibo ya sauke hannuwansa a kan gwiwa, a hankali.

"Akanta, ni ban yi boko ba. Amma na san 'aka' ba shi da yatsa. Yatsan wa?"

Zainu ya dubi tabarma. Ya ga inda kaba ta fara warwarewa, ya ga wata tururuwa tana jan ƙwayar dawa. Ya so ƙwarai ya san inda za ta kai ta.

"Nawa."

"Ɗago ka faɗa. Ba tabarma ce ta tambaye ka ba."

Ya ɗago. Bai kai idon mahaifinsa ba, ya tsaya a gemu.

"Nawa ne, Baba. Na so in juya ta zuwa aikin jinya. Na ɗauka makin zai kai. Bai kai ba."

Da Malam Jibo ya buɗe baki, muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan.

"Ranar da ka dawo daga Funtua ka same ni a nan, me ka ce mini?"

"Na ce ba a ɗauke ta ba."

"Bayan wannan."

"Na ce... Allah bai nufa ba."

"Ni kuma na ɗauki maganar na fita da ita. Na faɗe ta a ƙofar masallaci. Na faɗe ta a kasuwar Bakori. Na hau mota na je Gozaki na faɗa wa ƙanena da bakina. Uwarku ta toya waina Juma'a bakwai tana rabarwa. Na san babu abin da ke faruwa sai da nufinSa, ba sai ɗan boko ya koya mini ba. Amma ba kai za ka aikata abu da yatsanka, ka ɗauko sunan Ubangiji ka rufa a kai, sannan ka miƙo mini in kai masallaci ba."

"Baba, na tuba."

"Ba ni ka fara yi wa ba. Kada ka tsallake layi."

Daga bakin murhu aka ce:

"Zainulabidin."

Duk suka juya. Shi ne ɗanta na fari, kuma shekara talatin ke nan sunan nan bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Yana ƙarami "kai" ne, ya girma ya zama "wannan yaron", da gari ya ƙirƙiro Akanta sai ta huta. Yau sunan ya fito mata cif, harafi bayan harafi, kamar kayan da aka daɗe ana adanawa don wata rana mai kyau.

"Na'am, Inna."

"Har rarrashinta ka yi. Ina tsaye a nan. Ka sayo mata lemon kwalba mai sanyi, ka ce ta yi haƙuri, kai ma ka san zafin abin. Ta sha tana kuka. Ni kuma na shiga ɗaki na sa maka albarka."

Ba ta ƙara ba. Ta ɗauki rariya ta ci gaba da tankaɗe, babu gari a ciki.

Raudatu tana zaune, hannuwanta a cinya, tafukan a buɗe. Zainu ya juya wajenta, wuyansa kamar an ɗora masa buhun taki.

"Raudatu..."

"Me ya ce?"

"Wa?"

"Saƙon. Me ya ce?"

Bai buƙaci tunani ba. Wata goma sha shida yana karanta saƙon nan a cikin kansa, a kan mashin, a shago, har a sahun salla.

"Ya ce ana taya ki murna. An ba ki gurbi a tsangayar aikin gona. Ki shiga shafinki ki karɓa."

"Da sunana?"

"Da sunanki."

"Faɗi yadda suka rubuta."

"Raudatu Jibo."

"Sake faɗin farkon."

"Ana taya ki murna."

Ta jinjina kai, sau ɗaya, sau biyu. Sai ta sa bayan hannu ta rufe baki, kafaɗunta suka fara rawa. Zainu ya ɗauka kuka ne. Dariya ce, marar sauti, da hawaye suna bin ta.

"Inna," ta ce, "ashe na ci."

"Kin ci, 'yar nan."

"Ashe ba daƙiƙiya ba ce ni."



Ta share fuska da gefen hijabi, ta dubi yayanta.

"Don me, Yaya? Ina son in ji. Ba na asibiti da kemis ba, na ji waɗannan."

"Ban so a yi mana dariya ba."

"Wa zai yi?"

"Kowa. Raudatu, an tura mu boko ne don mu bar fartanya. A ce 'yar Malam Jibo ta shekara biyar a jami'a, ta dawo ta tsaya a bakin kunya tana leƙa gindin dawa? Tsohuwar da ba ta san bihim ba ta fi ki sanin wannan. Abin kunya ne."

"Wace kunyar? Biyu ka ambata."

"Kin san abin da nake nufi."

"Na sani. Yaya, ta gona ina iya tsayawa a kanta daga hantsi har azahar. Wadda ka ɗora mini ce ta hana ni fita ƙofar gida. Bikin ƙawayena uku ban je ba. Yaran da nake koya wa lissafi a zaure na sallame su, na ce wadda ta faɗi ba ta koyarwa. In na hango Mansura ta zo hutu, ta bayan gida nake bi."

"Kunya huɗu na ba ta," in ji Malam Jibo, kamar da dawar yake magana. "Tana aji biyar na sakandare. A gonar gabas, inda ciyawar wuta-wuta ta cinye ƙasa, ka shuka dawa ta tsaya iya gwiwa ta ƙone. Na ba ta ne don ta bar ni in huta da tambaya. Ta sa waken suya shekarar farko, ta biyu ta mayar da dawa. Na je na ga wuta-wutar ta ragu fiye da rabi. Ban faɗa wa kowa ba, na yi wa gonar duka haka. Inda nake ɗaure dami shida, bara goma sha ɗaya na ɗaure. Tuwon da ka ci jiya daga nan yake."

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ka tambaya ba. Tun ranar da ka kawo labarinka ba ta sake taka gonar ba. Kunyoyin nata suna can, na hana a taɓa. Ciyawa ta rufe su."

Zainu ya ji wani abu ya taso masa, abin da bai shirya ba, wanda babu shi a jawabin Bakori.

"Ni ma akwai abin da na so."

"Mene ne?"

"Tarihi na so in karanta."

"Tarihi."

"Tun ina aji uku. Har littafi na buɗe, ina bin tsofaffi ina rubuta yadda aka kafa unguwannin garin nan. Na faɗa. Aka ce ba a cin tarihi. Aka ce lissafin kuɗi ne mai aiki, kafin in gama ofis yana jirana. Na bi. Shekara shida ke nan ina auna taki. Na ce ni dai na bar abin da nake so, ban kuma sami abin da aka ce ba. To ita in za ta bari, ta bari don abin da yake tabbas. Na ɗauka ni na san hanya, tunda na ɓata a cikinta."

"Ga 'aka' ya sake dawowa," in ji Malam Jibo. "Wa ya ce ba a cin tarihi?"

Inna Hansai ta daina kaɗa rariya.

Malam Jibo ya dubi ɗansa, ya dubi matarsa. Sannan ya cire hularsa, ya duba cikinta kamar an ajiye masa amsa a nan, ya mayar.

"To," ya ce. "Wannan 'aka' ɗin ni ne."

"Ba don in tuhume ka na faɗa ba, Baba."

"Na sani. A wajen masu sayen auduga na jiyo maganar, na kawo ta gida da zafinta. Na ɗauki nawa, zan kuma amsa shi inda ake amsawa. Amma ka lura da abu ɗaya. Ni a gabanka na faɗa, a kan buzun nan, kana kallona. Ka ji haushina, ka san wanda za ka ji haushi. Ita fa? Wa ka bar mata ta ji haushi?"

"Kanta," in ji Raudatu.

Zainu ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"Ki yafe mini."

"Ba yau ba, Yaya. Ba ƙi na yi ba. Yau dai ban san inda abin ya tsaya ba, balle in san abin da zan yafe."

Malam Jibo ya gyara zama.

"Raudatu. Na ce sau ɗaya zan tambaya. Amsar da kika ba ni a kan ƙarya aka gina ta, don haka ban ji ta ba. Za ki zauna?"

"Litattafaina sun tafi ƙosai, Baba."

"Ba litattafai na tambaya ba."

"Shekara biyu ban buɗe komai ba. In na faɗi fa? Faɗuwa ta gaskiya wannan karon?"

"Sai ki zo ki faɗa mini da bakinki, in ɗauka in kai masallaci da hannu biyu."

Ta dubi faifai. Ta dubi mahaifiyarta. Inna Hansai ta ɗan ɗaga haɓa.

"Zan zauna."

"Alhamdu lillahi."

"Amma ni zan zauna gaban kwamfuta. Yaya ya tsaya a waje, wajen mashin."

"Wane kwas za ki..." in ji Zainu.

Mutum uku suka juyo suka dube shi a lokaci ɗaya.

"A yi haƙuri," ya ce. "Sabo ne."

Raudatu ta miƙa masa hannu, tafi a sama.

"Ba ni layin."

"Wane layi?"

"Wanda aka yi mini rajista da shi. Ba a sake rajista sai da layin farko, ta nan lambar shiga take zuwa. Kai ka gaya mini haka da kanka, ka ce za ka kula kada ya ɓata."

Ya tashi. Ya shiga ɗakinsa da ke kusa da zaure, ya buɗe akwati, ya zaro babban ambulan da takardar digirinsa take ciki. A can ƙasan ambulan ɗin ya adana layin, naɗe a takardar alewa, domin ya tabbata wuri ne da ba a yawan buƙatar buɗewa.

Ya dawo ya durƙusa, ya buɗe wayarsa, ya sa layin. Suka jira ta kunnu.

"Yaya?"

"Bari ya kama."

"Me ta rubuta?" in ji Malam Jibo.

Ya tambaya ne kamar yadda ya saba, amma ba ɗansa yake kallo ba. Raudatu ta leƙa.

"Ta ce babu sabis, Baba."

"Tsiga ce," in ji Zainu. "Wani lokaci sai an ɗaga sama."

Ya miƙe ya ɗaga wayar sama. Ya je bakin rijiya ya ɗaga. Ya hau kan turmi ya ɗaga. Ya kashe ya kunna. Ya zare layin ya goga a riga ya mayar.

"Yaushe rabon da ka sa shi a waya?" ta tambaya.

Ya sake zare layin yana juya shi.

"Yaya, yaushe?"

"Tun ranar."

"Wata goma sha shida?"

"Na ji tsoron kada wani saƙon ya shigo, wani ya gani."

Ta karɓi layin daga hannunsa, ta ajiye shi a kan faifai, a cikin wake.

"Baba, ara mini wayarka."

Malam Jibo ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa daga aljihun gaba ya miƙa mata. Lambar tana kanta, ta rubuta ta a fom fiye da sau goma. Ta danna, ta buɗe murya don kowa ya ji.

Zainu ya yi fatan a ce wayar a kashe take. Wannan ana iya gyarawa, a je ofishin kamfani da safe a dawo da layi.

Sai ta fara ƙara.

Duk suka dubi faifai. Layin yana kwance a cikin wake, ba ya cikin wayar kowa. Ashe da ya daɗe a ajiye, kamfani ya sayar wa wani lambar.

Ta yi ƙara ta biyu. Ta uku.

Aka ɗaga.

"Halo? Halo?"

Muryar mace ce, da hayaniyar kasuwa a bayanta, da hon ɗin motoci. Ta saki magana da sauri cikin wani yare da babu wanda ya taɓa jin irinsa a gidan Malam Jibo.

Zainu ya miƙa hannu zai karɓi wayar.

"Janye hannunka," in ji Malam Jibo.

Raudatu ta buɗe baki za ta yi gaisuwa. Matar ta ja tsaki ta kashe.

Raudatu ta sake dannawa.

*

Abin da danna ɗaya ya ci, zuwa magaribar wannan Laraba:

Shekarun karatu, biyu.

Litattafai da rubutun hannu, goma sha ɗaya.

Mai karanta wa Malam Jibo saƙo, ɗaya, an sauke shi.

Layi, ɗaya. Yana hannun wata mata da ba a san sunanta ba, ba a san garinta ba, kuma ba ta ɗaga kira na biyu ba tukuna.

Lokacin da ya rage, awa ashirin da uku.